Yadda Ake Cire Manhaja Daga Kwamfuta Ba Tare Da An Yi Ɓarna Ba

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Samaru ta Zariya, kuma ƙorafi biyu ne suka fi yawa a bakin ɗalibai da malaman da suke zuwa wurina: ko kwamfuta ta yi nauyi, ko wurin ajiya ya cika har faifan C ya fara nuna jan layi. Idan na buɗe na duba, abin da na saba tararwa shi ne tarin manhajojin da mai kwamfutar bai ma san da zamansu ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, an saye su a Sabon Gari ko an yo saƙonsu daga Kano, kuma kafin a miƙa su an riga an zuba musu duk abin da ke cikin filashin mai sayarwa: burauza uku, manhajar kallon bidiyo huɗu, riga-kafin bairos biyu, da wasannin da babu mai buɗe su. A kan faifai mai gigabait 128, wannan kaya ba ƙarami ba ne.

Kafin ka taɓa komai, akwai abu guda da ya kamata ka fahimta. Lokacin da aka girka manhaja, ba wuri ɗaya take zama ba. Tana ajiye manyan fayilolinta a foldar Program Files, tana ajiye saitunanka a wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData, tana rubuta sunanta a kundin rajistar Windows, wato inda Windows ke adana saitunanta da na manhajoji, wani lokaci kuma tana kafa wani ƙaramin aiki da zai riƙa tashi duk sa'ad da aka kunna kwamfuta. Tare da ita akan zo da ɗan shirin cirewa wanda ya san inda aka ajiye kowane abu. Tambarin da kake gani a fuskar kwamfuta kuwa alama ce kawai mai nuna hanya. Wanda ya jefa tambarin a kwandon shara bai cire komai ba, wanda kuma ya shiga Program Files ya goge foldar da hannu ya goge har da shirin cirewar, ya bar sunan manhajar a rajista yana nuna wurin da babu kowa. Wannan kuskure na biyu shi ne ya fi ba ni wahalar gyarawa.

Abubuwan da za ka tanada

- Asusun da ke da ikon gudanarwa a kan kwamfutar, wato wanda Windows ke kira Administrator, tare da kalmar sirrinsa. Idan kwamfutar ofis ce ko ta sashe, nemi izinin mai kula da ita tukuna.
- Wuta tabbatacciya. Idan laftof ce, batirin ya kasance da caji sosai. Idan ta kan tebur ce ko batirin ya mutu, ka jira lokacin da janareta ko inbata ke aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar cirewa takan bar manhaja rabi a ciki rabi a waje.
- Filashi ko faifan waje wanda za ka kwashe muhimman fayiloli a kansa.
- Takarda da biro, ko wayarka don ɗaukar hoton allo.
- Lambar lasisi da fayil ɗin girkawa na duk manhajar da kake jin za ka sake buƙata.
- 'Yar data kaɗan. Yawancin aikin ba ya buƙatar intanet, sai idan wata manhaja ta yi taurin kai.

Mataki na 1: Gano wace Windows kake amfani da ita

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ƙaramin akwati zai buɗe. Rubuta winver a ciki ka danna Enter, za a nuna maka ko Windows 7 ce, ko 10, ko 11. Sanin wannan zai hana ka neman ƙofar da babu ita a kwamfutarka.

Mataki na 2: Buɗe jerin manhajoji ka karanta shi a natse

A Windows 10, danna maɓallin Windows da harafin I don buɗe Settings, ka shiga Apps, sannan Apps & features. A Windows 11 hanyar ɗaya ce, sai dai sunan shafin Installed apps. A Windows 7, da ma kowace Windows, akwai tsohuwar hanya: maɓallin Windows da R, ka rubuta appwiz.cpl, shafin Programs and Features zai buɗe. Ni na fi son wannan tsohon shafi wajen nazari, saboda yana jera suna da kamfanin da ya yi manhajar da ranar girkawa da girma a layi ɗaya. Naƙasarsa ita ce ba ya nuna manhajojin da aka sauke daga Microsoft Store, waɗannan sai a Settings.

Kada ka cire komai a wannan mataki. Jera su bisa girma don ganin masu cin wuri, sannan ka sake jera su bisa ranar girkawa. Jerin ranaku yana tona asiri ƙwarai, domin idan ka ga baƙin sunaye uku sun shigo a ranar da ka sauke wata manhajar kyauta, to tare suka zo, an cusa maka su ne a lokacin da kake danna Next ba tare da karantawa ba. Rubuta sunayen waɗanda kake son cirewa a takarda.

Mataki na 3: Ware abin da ba a taɓawa

A nan ne mutane suka fi yi wa kansu illa, saboda haka zan ɗan tsaya. Za ka ga layuka da yawa masu suna Microsoft Visual C++ Redistributable, wani na 2010, wani na 2012, wani na 2013, wani na 2015 zuwa 2022, kowanne kuma sau biyu, ɗaya x86 ɗaya x64. Ido zai ce maimaici ne, amma kowace manhaja da shekarar da aka gina ta a kai, kuma sabon ba ya maye gurbin tsohon. Na taɓa karɓar kwamfutar wani ɗalibi mai rubuta kundin digiri na biyu, wanda ya share su duka ya bar na ƙarshe kawai da nufin samun wuri. Washegari manhajar da yake nazarin alƙaluman bincikensa da ita ta ƙi buɗewa, tana kukan ɓacewar wani fayil mai ƙarewa da dll, ga shi saura kwanaki kaɗan ya gabatar da aikinsa. Mun gyara, amma wurin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ya kuma yi asarar yini guda cikin tashin hankali.

Haka nan ka bar duk abin da ke ɗauke da sunan .NET, da direbobin na'ura, wato masu sunan Intel, AMD, NVIDIA, Realtek ko Synaptics. Su ne ke tafiyar da hoto da sauti da wayales da faifan taɓawa na laftof, wato touchpad. Wanda ya cire direban wayales alhali ba shi da wata hanyar shiga intanet ya rufe wa kansa ƙofar sauko da wani. Manhajojin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, irin su HP, Dell ko Lenovo, sun kasu biyu: wasu talla ce kawai, wasu kuma su ke sa maɓallan ƙara haske da sauti su yi aiki. Duk sunan da ba ka gane ba, rubuta shi a Google ka karanta aikinsa, idan kuma babu data, ka bar shi a inda yake har ka tambayi wanda ya sani.

Mataki na 4: Kwashe abin da ke cikin manhajar da lasisinta

Cire Microsoft Word ba ya goge takardun da ka rubuta, domin suna cikin Documents ko inda ka ajiye su. Amma akwai manhajojin da ke riƙe bayananka a cikin nasu foldar: manhajojin lissafin kuɗi na shago, na adana sakamakon ɗalibai a makarantu, na tara madogarar bincike irin su EndNote da Mendeley da Zotero, da na wasiƙu irin Thunderbird. Buɗe kowace, nemi Export ko Backup, ka fitar da kwafi zuwa filashi, sannan ka tabbatar a kan filashin cewa fayil ɗin ya sauka. Idan burauza za ka cire, ka tuna da kalmomin sirrin da ta adana maka, na imel da na shafin rajistar makaranta, waɗanda wataƙila ka daɗe da mantawa da su.

Idan manhajar ta kuɗi ce, kamar SPSS ko kayan Adobe, rubuta lambar lasisin, ka kuma fita daga asusunka ko ka kashe rajistar daga cikinta kafin cirewa. Wasu kamfanoni suna ƙidaya yawan kwamfutocin da lasisi ɗaya ya hau.

Mataki na 5: Kafa wurin komawa

Rubuta Create a restore point a akwatin bincike na Start ka buɗe shi. Zaɓi faifan C. Idan kariyar a kashe take, danna Configure ka kunna ta, sannan ka danna Create ka ba shi suna, misali ranar da kake aikin. Minti ɗaya ko biyu yake ɗauka. Idan wani abu ya lalace daga baya, maɓallin Windows da R, ka rubuta rstrui, Windows za ta koma yadda take a lokacin. Ka sani cewa wannan tsarin Windows da manhajoji kaɗai yake maidowa, ba ya dawo da takardu ko hotunan da aka goge, shi ya sa mataki na 4 yake gaba da shi.

Mataki na 6: Rufe manhajar gaba ɗaya

Rufe tagarta bai isa ba. Duba ƙasan allo ta dama kusa da agogo, danna 'yar kibiyar da ke ɓoye tambura, idan tana nan ka danna ta da ɓangaren dama na linzami ka zaɓi Exit. Bayan haka danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka nemi sunanta, ka danna End task.

Mataki na 7: Cirewa

Koma jerin da ka buɗe a mataki na 2. A Windows 10 danna sunan manhajar, maɓallin Uninstall zai bayyana. A Windows 11 danna ɗigo ukun da ke gefen sunan. A Programs and Features zaɓi sunan ka danna Uninstall a sama. Windows za ta tambaye ka ko ka yarda a yi canji, ka amsa Yes, daga nan shirin cirewar zai karɓi aiki.

Karanta kowane shafi kafin ka danna. Wasu suna ba da zaɓi uku, Modify da Repair da Remove, na ƙarshen kake nema. Wasu suna tambaya ko a goge bayananka da saitunanka. Chrome, alal misali, yana da ɗan akwatin da idan ka sa masa alama zai share tarihin bincikenka da abin da ya adana. Idan za ka sake girka manhajar ne don gyara matsala, bar bayanan. Tsofaffin manhajoji sukan tambaya ko a cire fayil ɗin da ake tarayya a kansa, ka amsa No, domin wata manhajar na iya dogara da shi. Akwai kuma masu roƙo, waɗanda za su girmama maɓallin fasawa su ƙanƙanta na cirewa, ko su miƙo maka wata manhajar a madadin. Ka ƙi karɓa.

Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Idan ka fara ta biyu kafin ta farko ta gama, Windows za ta ce ka jira, ko ta nuna kuskure mai lamba 1618. Idan layin ci gaba ya tsaya kamar ba ya motsi, ka ba shi lokaci, musamman a kwamfuta mai tsohon faifai mai juyawa, inda babbar manhaja irin Office ko AutoCAD kan ɗauki mintuna masu yawa. Idan kuma aka ce ka sake kunna kwamfuta, yi hakan kafin ka wuce zuwa ta gaba, saboda akwai fayilolin da ba sa goguwa sai a lokacin tashi.

Za ka tarar da wasu manhajojin Windows waɗanda maɓallin cirewarsu ya dushe ba ya dannuwa. Ka ƙyale su. Akwai umarnin da ake yawo da su a intanet na tumɓuke su da ƙarfi, amma wurin da suke ci kaɗan ne, matsalar da tumɓukewar kan haifar wajen sabunta Windows kuwa tana da yawa.

Mataki na 8: Share ragowar

Bayan an sake kunna kwamfuta, leƙa Program Files da 'yar'uwarta mai x86 a ƙarshen suna. Sannan maɓallin Windows da R, ka rubuta %appdata% ka duba, ka sake yi da %localappdata% da kuma %programdata%. Idan ka ga folda mai ainihin sunan manhajar da ka cire, tura ta kwandon shara da maɓallin Delete kawai, ban da Shift, ka bar ta a can mako guda. Idan komai yana tafiya daidai, sai ka zubar da kwandon. Ka yi hattara da folda mai sunan kamfani, irin Adobe ko Google ko Microsoft, domin manhajoji da yawa ne ke zaune a cikinta. Shiga ciki ka ɗauke taka kaɗai.

Kundin rajista kuwa shawarata ga mai koyo ita ce ya bar shi. 'Yan layukan da suka rage a ciki ba sa rage wa kwamfuta gudu, kuma Microsoft da kanta ba ta goyon bayan amfani da manhajojin da ke iƙirarin wanke rajista. Abin da zai ba ka wuri na gaske shi ne Disk Cleanup: rubuta cleanmgr a akwatin nan na R, ka zaɓi faifan C, ka share fayilolin wucin gadi.

Mataki na 9: Idan manhaja ta ƙi fita

Fara da mafi sauƙi, ka sake kunna kwamfuta ka gwada. Idan ba ta yi ba, shiga foldarta a Program Files ka nemi fayil mai suna uninstall.exe ko unins000.exe, ka danna shi da ɓangaren dama ka zaɓi Run as administrator.

Idan an riga an goge foldar da hannu, ko wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce sake girka manhajar a kan wurinta na da. Girkawar za ta maido da shirin cirewar, sai ka cire ta yadda ya kamata. Idan ba ka da fayil ɗin girkawa, akwai manhajojin kyauta da aka yi don wannan aiki, irin su Revo Uninstaller da Geek Uninstaller da BCUninstaller. Ka sauke su daga shafin masu su kaɗai, kuma idan suka jero ragowar da za su goge, ka karanta jerin kafin ka amince. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya buɗe Command Prompt a Windows 11 ko sabuwar Windows 10, ya rubuta winget list ya ga sunaye, sannan winget uninstall da sunan manhajar.

Akwai kuma Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai. A Windows 10 da 11, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ka danna 4. Gargaɗi biyu a nan. Idan faifanka yana kulle da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai da sirri, ana iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48, saboda haka ka nemo shi a asusunka na Microsoft kafin ka shiga. Na biyu, manhajojin da aka girka ta Windows Installer, wato hidimar girkawa ta Windows, ba sa ciruwa a Safe Mode, saboda wannan hidima ba ta tashi a can.

Manhajar da ba a girka ta ba tun farko, wadda aka kwafo foldarta daga filashi ana buɗe ta kai tsaye, ba za ta fito a jeri ba. Ita kaɗai ce ake cirewa ta hanyar goge folda.

Mataki na 10: Riga-kafin bairos da masu cusa talla

Riga-kafin bairos yana kafa saiwa a can cikin tsarin Windows, kuma an gina shi ne ya hana a kashe shi, don haka cirewarsa ta bambanta. Manyan riga-kafi biyu a kwamfuta ɗaya sukan yi ta binciken juna, kuma wannan yana cikin manyan dalilan nauyin da nake gani a laftof mai RAM gigabait 4. Fara da hanyar mataki na 7. Idan ya bar ragowa, kamfanonin suna da kayan cirewa na musamman: McAfee yana da MCPR, Avast yana da Avast Clear, Kaspersky yana da kavremover, Norton yana da Remove and Reinstall. Bayan cirewa a Windows 10 ko 11, Microsoft Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, yakan kunna kansa, amma buɗe Windows Security ka gani da idonka. Windows 7 ba ta da cikakken riga-kafi na kanta, kuma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Janairu 2020, don haka kada ka cire na kanta sai ka tanadi wani. Filashin da ke zagaya shagunan buga takardu na Samaru da Kongo a lokacin haɗa kundi ba abin da za a soka wa kwamfuta marar kariya ba ne.

Idan talla tana ci gaba da faɗowa, ko shafin farko na burauza ya canza da kansa, to abin yana cikin burauzar. A Chrome rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, a Edge kuma edge://extensions, ka cire duk ƙarin da ba kai ka sa ba. AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes kyauta ne kuma yana kama irin waɗannan.

Mataki na 11: Gwaji

Sake kunna kwamfuta, ka gwada sauti da wayales da firinta, ka buɗe manhajojin da kake aiki da su kullum ɗaya bayan ɗaya. Idan an cire manhajar buɗe PDF ko ta bidiyo, Windows za ta tambaye ka da me za ta riƙa buɗe irin fayilolin, sai ka zaɓa mata. Idan wani abu ya daina aiki, duba takardar da ka rubuta sunaye a kai don gane wanda ya jawo, ka sake girka shi ko ka koma ta rstrui.

Idan nauyi ne ya sa ka fara wannan aiki kuma har yanzu tashin kwamfutar yana jan lokaci, buɗe Task Manager ka shiga sashen Startup. A Windows 7 ana samun wannan ta rubuta msconfig a akwatin nan na R, kuma a can cire alamar gefen suna ake yi maimakon danna Disable. Za ka ga manhajojin da ke tashi tare da Windows, wasunsu kana buƙatarsu amma ba kowace safiya ba, irin su Zoom da Teams da manhajojin sauke fayil. Zaɓi kowace ka danna Disable, tana nan a kwamfutar, sai ka kira ta za ta buɗe. Riga-kafin bairos da direbobin sauti da na faifan taɓawa ka bar su a kunne.